Tambayoyin Masu Karatu: Ina So In Ɗauki Riƙo, Maigida Ya Ce Sai Na Rufe Shagon Ɗinkina

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti. Ina yi miki fatan alheri, Allah Ya ƙara basira. Ni mace ce mai shekara 37, ina zaune a Kano, kuma bana shekarata goma sha biyu a ɗakin mijina, amma Allah bai ba mu haihuwa ba, ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Tun kafin aure nake ɗinki. Na fara da keke ɗaya a ɗakin mahaifiyata, yanzu kuwa ina da shago mai kekuna takwas da injin surfani, da yara tara da suke aiki a ƙarƙashina. Ni nake zana samfurin kaya, ni nake yanka, ni nake shiga Kantin Kwari zaɓen leshi da shadda da atamfa, kuma yawancin aikinmu kayan amare ne da anko da ɗinkin Sallah. A watan azumi sau da yawa sai bayan ƙarfe goma sha ɗaya na dare nake komawa gida.

Wata uku da suka wuce muka kai sadakar kayan sawa wani gidan marayu, a nan na ga wata jaririya da aka tsinta, wadda yanzu watanta takwas. Tun ranar da na ɗauke ta ta riƙe mini yatsa ban ƙara samun sukuni ba, duk mako sai na koma na gan ta. Na yi wa maigida maganar ɗaukarta, ya yi kwanaki bai ce komai ba, daga baya ya ce ya amince, amma da sharaɗin in rufe shago, domin a cewarsa wadda ba ta da lokacin miji ba za ta samu na jariri ba. Hajiyarsa kuma ta ce ba za a kawo mata wadda ba a san asalinta ba cikin zuri'a alhali ga 'ya'yan dangi, kuma dama ta daɗe tana cewa taka keke ne ya hana ni haihuwa.

Abin da nake da niyya shi ne in sa wa yarinyar sunan mijina, mu sauya unguwa, ta tashi ba tare da ta san komai ba, don kada a yi mata gori. Wata mai kawo mini ɗinki ma ta ce in daina wahalar da kaina da takardun gwamnati, ta san wadda za ta samo mini jariri sabon haihuwa idan na biya, in yi tafiya ta 'yan watanni in dawo a matsayin mai jego. Anti, ba na son rasa mijina, ba na son rasa sana'ar da na gina shekara da shekaru, kuma zuciyata tana wurin yarinyar nan. Ki ba ni shawara.

Daga ƙanwarki a Kano.

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na karanta wasiƙarki sau biyu kafin na ɗauki alƙalami, domin ciwon shekara goma sha biyu ba abin da za a amsa cikin gaggawa ba ne. Allah Ya saka miki da alheri bisa tausayin da Ya sanya a zuciyarki, Ya kuma ba ki mafita.

Zan fara da maganar mai kawo miki ɗinki, saboda ita ce wadda ba ta bukatar dogon nazari. Ki rufe wannan ƙofa yau, kada ki sake sauraronta. Jaririn da ake samowa da kuɗi a ɓoye, ko dai sato shi aka yi, ko an yaudari uwarsa, ko an matsa wa wata yarinya mai rauni ta rabu da shi, kuma mai saye da mai sayarwa duk masu laifi ne a dokar ƙasa. Irin wannan ciniki yana cikin abin da hukumar NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane take farauta tun kafuwarta a 2003. Ke mutuniyar Kano ce, ba sai an tuna miki abin da ya faru a watan Oktoban 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka gano yara tara da aka sace daga unguwannin garin, aka samu yawancinsu a Onitsha ta jihar Anambra an sayar da su an sauya musu suna. Iyayen da suka yi shekaru suna kuka a kan waɗancan yara, masu saye ne suka jawo musu.

Sai maganar da ta fi tsaya mini a rai, wato niyyarki ta sanya wa yarinyar sunan mijinki da ɓoye mata gaskiya. Na san ƙauna ce ta kawo wannan tunani, amma addini ya riga ya yanke hukunci a kai, kuma ya yanke shi ne a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Zaidu ɗan Harisa ya tashi a hannunsa, har mutane suna kiransa Zaidu ɗan Muhammadu, sai aya ta 4 da ta 5 ta Suratul Ahzab suka sauka suna cewa Allah bai mayar da 'ya'yan riƙo 'ya'yan cikinku ba, ku kira su da sunan ubanninsu, idan kuwa ba ku san ubanninsu ba, to 'yan'uwanku ne a addini kuma majiɓintanku. Daga ranar aka koma kiransa da sunan mahaifinsa. Abin lura shi ne wannan bai rage masa komai na ƙauna ba: sahabbai sun ci gaba da saninsa a matsayin abin ƙaunar Manzon Allah (SAW), shi aka ba tuta a yaƙin Mu'uta a shekara ta 8 bayan Hijira, kuma shi kaɗai ne sahabin da aka ambaci sunansa ƙarara a cikin Alƙur'ani. Abin da aka hana shi ne jingina nasaba ta ƙarya. Riƙo kuwa, wanda malamai suke kira kafala, ibada ce mai girman daraja, domin a hadisin da Bukhari ya ruwaito daga Sahlu ɗan Sa'adu, Annabi (SAW) ya ce shi da mai ɗaukar nauyin maraya kamar haka suke a Aljanna, ya yi nuni da yatsansa manuni da na tsakiya. Ki kira ta 'yata, ta kira ki Umma, babu laifi a cikin wannan. Annabi (SAW) da kansa ya kira Anas da "ya ƙaramin ɗana". A takardar haihuwa da ta makaranta ne ba za a rubuta mijinki a gurbin mahaifi ba. Ga wadda ba a san mahaifinta ba, malamai suna ba da shawarar a haɗa sunanta da suna na gama-gari kamar Abdullahi ko Abdurrahman, tunda kowane uba bawan Allah ne.

Ko da ma addini bai yi magana ba, rayuwar Hausawa ba ta barin irin wannan sirri ya daɗe. Sauya unguwa ba ya sauya dangi, kuma yaran shagonki tara sun san ba ki yi ciki ba. Idan ba a faɗa mata a wurin faɗan yara ba, za a faɗa ranar da manemi ya turo magabatansa binciken asali, ko ranar rabon gado, wato ranakun da ta fi bukatar ƙafarta ta tsaya da ƙarfi. Na taɓa zama da wata budurwa da ta ji labarin kanta daga bakin wata tsohuwa ana saura kwanaki kaɗan a kawo lefenta. Abin da ta yi ta maimaita mini cikin kuka shi ne ba rashin sanin iyayen ya fi yi mata ciwo ba, abin da ya karya ta shi ne kowa a gidan ya sani ban da ita. Yaron da ya tashi yana jin labarinsa tun yana ƙarami, da kalmomi masu sauƙi daidai hankalinsa, a bakin wadda take goya shi, yakan ɗauke shi kamar yadda yake ɗaukar sunansa. Ki fara tun tana shekara uku ko huɗu: ba ni na haife ki ba, amma ni Allah Ya ba ni ke, na je na ɗauko ki da farin ciki. Duk shekara sai ki ƙara bayani gwargwadon tambayarta. Gorin da kike tsoro zai iya zuwa, amma zai same ta da amsa a hannu.

Akwai dama guda da ke hannunki yanzu wadda za ta kuɓuce idan aka yi jinkiri, ita ce shayarwa. Yarinyar da aka riƙa ba muharramar maigida ba ce idan ta balaga, sai dai idan nono ya haɗa su, domin shayarwa tana haramta abin da nasaba take haramtawa. A mazhabar Malikiyya da muke bi, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid, duk nonon da ya isa cikin jariri a shekara biyun farko yana tabbatar da haramci ko da tsotsa ɗaya ce, yayin da Shafi'iyya suke sharɗanta shayarwa biyar. Tunda watanta takwas, lokaci bai ƙure ba. Idan 'yar'uwar mijinki tana goyo ta shayar da ita, ya zama kawunta ta shayarwa. Idan matar ɗan'uwansa ce ta shayar da ita da nonon haihuwar ɗan'uwan, ya zama baffanta. Ke ma kanki likitan mata zai iya taimaka miki da magani da tatsa a kai a kai har nono ya zo ko da kaɗan ne, duk da ba ki haihu ba, kuma idan kin shayar da ita kin zama uwarta ta shayarwa, ta kuma haramta ga mijinki. Duk wadda za ta shayar, a fara yi mata gwajin cuta mai karya garkuwar jiki da ciwon hanta, a kuma samu shaidu a rubuta ranar, saboda shekara ashirin gaba kada a yi ta gardama. Ku zauna da malamin da kuka amince da iliminsa ya duba yanayinku kafin ku aiwatar.

Gado ma ki tsara shi tun kina da ƙarfinki. 'Yar riƙo ba ta gadon mai riƙonta, shayarwa ma ba ta kawo gado, amma shari'a ta bar ƙofa biyu a buɗe. Ta farko wasiyya, wadda ba za ta wuce kashi ɗaya cikin uku na dukiya ba, kamar yadda Annabi (SAW) ya iyakance wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas. Ta biyu kyauta a lokacin rayuwa da lafiya, wadda a Malikiyya ba ta cika sai an karɓe ta a hannu, don haka idan fili ne ko keke ko wani kaso na shago, a rubuta a sa shaidu a miƙa. Ina jaddada wannan ne saboda ban san abin da gobe za ta kawo gidanku ba sai Allah: kina iya haihuwa, maigida yana iya ƙara aure a haifa masa, kuma a irin wannan lokaci ne ɗan riƙon da ba a yi wa tanadi ba yake komawa gefe. Ranar aurenta kuma ba za ta rasa waliyyi ba, domin littattafan Malikiyya sun ba wanda ya ɗauki nauyin yarinya ya rene ta gurbi a jerin waliyyai, bayansa kuma ga alƙali.

Takardun gwamnatin da aka ce ki guje wa, su ne garkuwarki. Dokar Haƙƙin Yara ta tarayya ta 2003 ta bambanta riƙo da mayar da yaro ɗan cikin mutum a idon doka, kuma na biyun yana ba yaron matsayin wanda aka haifa har a gado, abin da ya saɓa wa hukuncin da na ambata. Jihohi sukan yi tasu dokar, kuma Kano ta samu tata ta kare yara a 2023. Ki je Ma'aikatar Harkokin Mata ke da mijinki, ku gaya wa jami'an walwalar jama'a ƙarara cewa riƙo irin na Musulunci kuke nema. Ba baƙon abu kuke tambaya ba, domin ko yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, wadda Najeriya ta amince da ita a 1991, ta ambaci kafala da sunanta a sashe na 20. Za su yi tambayoyi, za su zo su ga gidanku, za a nemi amincewar maigida, kuma abin zai ɗauki lokaci. Ki yi haƙuri da hakan, domin takardar da hukuma ta ba ki ita ce za ta hana wani ya zo bayan shekara biyar ya ce sato yarinyar kika yi.

Yanzu sai maigida da shago. Ƙanwata, zan faɗa miki abin da wataƙila ba za ki so ji ba: maganarsa tana da ƙanshin gaskiya. Mutumin da ya yi shekaru yana buɗa baki a watan azumi matarsa tana shago har ƙarfe goma sha ɗaya, bai yi zalunci ba idan ya tambayi inda jaririya za ta shiga a wannan tsari. Ki kuma tuna cewa shi ma shekara goma sha biyu yake ɗauke da wannan rashi, ana yi masa maganar ƙara aure a majalisa da gidan Hajiya, kuma kwanakin da ya yi shiru kafin ya amsa miki alama ce ta cewa ya auna abin da gaske. Inda ban bi shi ba shi ne rufe shagon baki ɗaya. Mutum tara suna ci daga wurin, kuɗin madara da asibiti da makarantar yarinyar daga nan za su fito, kuma macen da aka raba da sana'ar da ta gina da hannunta takan wayi gari tana ganin jaririyar a matsayin dalilin asararta, ko da ba ta furta ba. Sana'ar hannu ba aibi ba ce ga matar aure. Nana Zainab 'yar Jahshi, matar Annabi (SAW) wadda a da ta kasance matar Zaidu, tana jima tana ɗinkin fata da hannunta tana sadaka da abin da ta samu, har Nana A'isha ta shaida cewa ita ce mai dogon hannun, wato mai yawan sadakar, da Annabi (SAW) ya ce za ta riga sauran matansa riskarsa.

Matsalar shagonki, a yadda kika bayyana shi, ita ce komai yana rataye a wuyanki. Ke ce mai zane, ke ce mai yanka, ke ce mai shiga kasuwa, kuma na tabbata ke ce mai amsa wayar amaryar da ta kira da tsakar dare tana tambayar rigar kamu. Shagon da ba ya iya yin kwana uku babu mai shi, har yanzu keke ɗaya ne da aka ƙara wa kujeru. Cikin yaranki tara dole akwai ɗaya ko biyu da hannunsu ya faɗa. Ki koya musu yanka da gaske, ki yanke samfurorinki a takarda mai kauri su riƙa bi, ki ƙara musu albashi daidai nauyin da suka ɗauka, ki riƙe wa kanki zane da awo da gwajin ƙarshe, waɗanda su ne sunanki a wurin masu kawo ɗinki. Sayayyar Kwari tana yiwuwa sau ɗaya a mako, ko ta hanyar amintaccen ɗan kasuwa da zai turo miki hotuna a WhatsApp. Abu mafi wuya shi ne koyon cewa a'a. Ki sa ranar rufe karɓar ɗinkin Sallah tun cikin Sha'aban, ki ƙayyade yawan amaren da za ki ɗauka a wata, ki ƙara farashi a kan kaɗan ɗin da kika karɓa, kada kuma kafin alƙalami ya ruɗe ki ki karɓi abin da ba za ki gama ba sai da kwanan zaune. Telan da yake cika alkawari a garin nan ba ya rasa masu nemansa.

Ina kuma ba ki shawarar ki yi jego, ko da ba ki haihu ba. Al'adarmu ta ware wa mai haihuwa kwana arba'in, dokar ƙwadago ta ƙasa ta ba ma'aikaciya mako goma sha biyu, kuma hikimar ba ta tsaya ga warkewar jikin uwa kaɗai ba, har da sabon da ke shiga tsakaninta da jariri. Yarinyar da ta yi wata takwas a gidan marayu ta ratsa hannuwa da yawa, masu aikin safe daban na dare daban, kuma abin da ta fi bukata shi ne fuska ɗaya da za ta riƙa gani duk lokacin da ta farka. Ki ba ta aƙalla wata uku kina gida, ki goya ta, ki yi mata wanka da kanki, ki riƙa leƙa shago na awa biyu ko uku kawai. Ki zaɓi lokacin ɗauko ta da hankali, kada ya faɗo gab da azumi ko tsakiyar bukukuwan ƙarshen shekara. Bayan Babbar Sallah, lokacin da ɗinki yake lafawa, ya fi dacewa idan tsarin hukuma ya ba da dama. Idan ta fara rarrafe kuma, ki sani shagon ɗinki wuri ne mai haɗari ga yaro: allura da fil a ƙasa, duwatsun ado da za ta iya haɗiyewa, dutsen guga mai zafi, da hayaƙin janareta wanda yake kisa ba tare da an ji warinsa sosai ba. Idan za ki riƙa zuwa da ita, a ware mata ɗaki da mai kula da ita.

Da wannan tsari za ki koma wa maigida, a rubuce idan da hali, da lokacin tashi daga shago da za ki iya riƙewa, misali kafin magariba. Kada ki nemi ya yarda da alkawarin baki. Ki fara aiki da tsarin tun yanzu, wata biyu ko uku kafin yarinyar ta zo, ya gani da idonsa. Ku kuma yi magana a fili kan wanda zai ɗauki wane nauyi, domin ciyar da ke wajibinsa ne, amma ciyar da 'yar riƙo alheri ne da yake ɗauka da zaɓinsa, kuma ya fi kyau ya furta da bakinsa. Idan bayan duk wannan kika ga amincewarsa ta baka ce kawai, zuciyarsa ba ta karɓa ba, to ki dakata. Yaro yana gane gidan da ake haƙuri da shi, kuma ba adalci ba ne a ɗauko marainiya a ajiye ta tsakanin mutum biyu masu jan igiya.

Game da Hajiya, kada ki tunkare ta da kanki, wannan aikin ɗanta ne, tare da wani dattijo ko malami da take jin maganarsa. A tuna mata cikin ladabi cewa babu rai da yake ɗaukar laifin wani, cewa ba wanda ya san dalilin da ya raba jaririyar da uwarta, kuma ɗaukar tsintaccen yaro farilla ce a kan al'umma wadda wani yake sauke wa saura. A Muwaɗɗa ta Imam Malik an kawo labarin mutumin da ya zo wa Sayyidina Umar da jaririn da ya tsinta, Umar ya ce masa yaron ɗa ne mai 'yanci, kuma ciyar da shi yana kan baitulmali. Shawararta ta ɗaukar ɗan dangi ba abin rainawa ba ce, domin shi ne riƙon da muka gada, ni kaina a hannun goggona na tashi kuma har gobe ina yi mata addu'a. Nana A'isha ma ba ta haihu ba, ta reni Ƙasim ɗan ɗan'uwanta Muhammadu, wanda ya zama ɗaya daga cikin manyan malaman Madina. Sai dai ɗan dangi yana da inda zai koma, wannan jaririya kuwa ba ta da kowa. Maganar cewa taka keke yana hana haihuwa ba ta da tushe a likitance. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa kusan mutum ɗaya cikin shida na manya yana fuskantar matsalar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa, kuma dalilin yakan kasance daga mace ko daga namiji ko daga su biyun. Ba ki faɗa mini ko maigida ya taɓa yin gwaji ba. Idan bai yi ba, ku je tare, kuma ɗaukar riƙo ba ya hana ci gaba da neman magani.

TAMBAYA TA BIYU

Salam Anti. Ni ma tela ce a Zariya, ina riƙon 'yar ƙanin mijina tun tana shekara huɗu, yanzu shekararta goma sha uku. Idan ta dawo daga makaranta takan zo shago ta taya ni sa maɓalli da guga da kai kaya gidajen mutane. Bana sakamakon jarrabawarta ya yi ƙasa, sai mahaifiyarta ta aiko cewa na mayar da 'yarta 'yar aiki, a dawo mata da ita. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin shekara tara ina ɗawainiya da ita ba wanda ya taɓa aiko da ko sabulu. Shin na yi laifi don na koya mata sana'a?

AMSA

Wa alaikis salam 'yar'uwa. Ɗawainiyar shekara tara ba ƙaramin abu ba ce, kuma ɓacin ranki yana da dalili. Koya wa yarinya sana'a alheri ne, amma ki tambayi kanki tambaya ɗaya tsakaninki da Allah: da 'yar cikinki ce sakamakonta ya faɗi haka, za ki bar ta ta ci gaba da guga har dare, ko za ki ce ta koma ga littafinta? Amsar da zuciyarki ta ba ki ita ce ma'aunin. Sannan ki duba irin aikin da take yi. Sa maɓalli da guga da kai saƙo taimako ne ga shago, amma ba su ne koyon ɗinki ba. Idan koyarwa kike nufi, ki zaunar da ita a kan keke ranar Asabar da lokacin hutu, ki nuna mata awo da yanka, ki kuma riƙa ware mata wani abu daga kuɗin aikin da ta yi, ki ajiye mata da saninta. Aiken yarinya mai shekara goma sha uku gidajen mutane ita kaɗai, musamman da yamma, ki daina shi daga yau, ki ba wani babba cikin yaran shago.

Kada ki mayar wa mahaifiyarta da martani ta bakin ɗan aike. Ki shirya ke da maigida ku je har gida, ki tafi da takardar sakamakon, ki faɗa mata abin da kika gyara, ki kuma saurare ta, domin uwar da ta ba da 'yarta tun tana shekara huɗu tana da nata ciwon da ba ta faɗa. A tambayi yarinyar ma ra'ayinta a wurin da ba za ta ji tsoron kowa ba. Idan iyayenta suka dage sai ta koma, haƙƙinsu ne, ki haɗa mata kayanta da mutunci, ki ɗinka mata sababbi da hannunki, ki raka ta da kanki, ki kuma nemi a bar ta ta riƙa zuwa miki hutu.